Tabon da Kangwa Ya Goge da Ƙafa

A bayan tsohon kulob ɗin masu haƙar tagulla na garin Luanshya, filin tanis ɗaya ne ya rage cikin shidan da Turawa suka bari. Uku ciyawa ta cinye su, ɗaya an kafa coci a kansa, ɗaya kuma mata ke shanya rogo a ciki. Na shidan yana nan ja wur da fararen layukansa, don Yotamu Sakala ya ƙi yarda ya mutu. Kowace safiya zai zo da bokiti ya yayyafa ruwa, ya ja ƙaton ƙarfen nan mai danne ƙasa daga wannan kai zuwa wancan, sannan ya bi layi da farar ƙasa. In wani wuri ya zaizaye, sai ya tura baro bakin daji ya saro ƙasar suri, ya daka, ya tankaɗe, ya cike gurbin. Filin gaba ɗaya ƙasar suri ce. Abin da Yotamu ke so da ita shi ne duk inda ƙwallo ya sauka sai ya bar tabo, ɗan zagaye kamar an dangwala babban yatsa. In gardama ta tashi, a je a duba.

Amma ba don Yotamu mutane ke leƙowa kulob ɗin ba. Don Kangwa Lombe suke zuwa, mutumin da ya yi shekara tara yana buga tanis a Turai. Da hantsi yake isowa, cikin wata shuɗiyar kwat mai tambari a ƙirji wadda ta daina rufe tumbinsa tun tuni, da farin wando, da raket, abin dukan ƙwallon tanis, a hammata. Shekara goma sha biyar rabon da raket ɗin nan ya taɓa ƙwallo. Da shi yake nuna wa baƙi hanya, da shi yake korar ƙuda, in bayansa na ƙaiƙayi kuma da shi yake sosawa. Zai zauna a baranda ya miƙe ƙafa, ya ce a kawo masa shayi ba sukari, sannan in an juya baya ya zuba cokali huɗu.

"Ɓarawo, an fito?" Haka Yotamu ke ce masa kullum daga cikin fili.

"Mai cin ɓera! Ka karya kuwa, ko tarkon bai kama ba jiya?"

Sai 'yan baranda su kwashe da dariya. Kangwa ɗan ƙabilar Bemba ne, Yotamu kuwa iyayensa daga Gabashin ƙasar suka zo, kuma tsakanin Bemba da mutanen Gabas sai wasa, taubasai ne tun kakanni. Ɗan Gabas ya tare ɗan Bemba a kasuwa ya kira shi ɓarawo mai cin biri, shi kuma ya rama da mai cin ɓera, kowa ya kama gabansa. Ko a gidan makoki ɗaya na iya bulbula wa ɗaya garin masara a ka, ba mai cewa uffan. Wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Abin da 'yan baranda ba su sani ba shi ne, Yotamu bai taɓa faɗin kalmar ɓarawon nan da wasa ba, ko sau ɗaya.

Unguwarsu ɗaya suka tashi, iyayensu maza ramin haƙar tagulla ɗaya suke shiga. Da guntun katako suka koyi wasan, suna dukan tsohon ƙwallo a jikin bangon gidan wanka. Lokacin da Turawa suka fara kwashe kayansu aka buɗe wa kowa ƙofar kulob, su biyun ne suka fi kowa hannu a yankin. Kangwa dogo ne, kyakkyawa, dukansa mai ban sha'awa, kuma ko ya zubar da maki sai ya tsaya ya gyara gashi. Yotamu gajere ne mai gwame, ba wanda zai ɗauki hotonsa, sai dai duk ƙwallon da ka aika masa sai ya dawo maka da shi, har ka gaji ka zubar da kanka.

Shekarar da suka cika ashirin da biyu, hukumar wasanni ta ce za ta tura mutum ɗaya Turai, da tikitin jirgi da masauki na shekara guda. Wanda ya ci gasar ƙasa shi zai tafi. A wannan filin aka yi wasan ƙarshe, kuma su biyun ne suka kai.

Sun fi awa uku suna abu ɗaya. Rana ta karkata, rigar Kangwa ta jiƙe sharkaf, ya fara haki kamar wanda ya hau tudu da buhu. Aka zo inda maki ɗaya ya rage wa Yotamu ya gama da shi. Kangwa ya rugo bakin raga, Yotamu ya zura masa ƙwallo ta gefen dama, can ƙurya. Da idonsa ya ga farar ƙura ta ɗan tashi, abin da ba ya faruwa sai ƙwallo ya taɓa layi, kuma wanda ya taɓa layi ciki ne. Har ya ɗaga hannu.

Alƙalin wasan wani tsohon akawu ne mai tabarau masu kauri. Ya ce rana ta kashe masa ido, bari ya sauko ya duba tabo. Kafin ya gama sauka daga doguwar kujerarsa, mataki ɗaya bayan ɗaya, Kangwa ya riga shi isa wurin. Yana tafe kamar mai komawa bayan fili, sai ya ja ƙafar dama a ƙasa, shaa, a kan tabon. Sannan ya miƙa raket ya zagaye wani tsohon tabo da ke wajen layi, ya tsaya yana jiran alƙali, hannu a ƙugu.

Yotamu ya yar da raket ya yi tsalle ya haye raga.

"Ɓarawo! Ɓarawo ne! Ya goge, na rantse da Allah ya goge!"

Mutum ya fi ɗari biyar a wurin, rabi Bemba, sauran yawancinsu 'yan Gabas. Suka ji ɗan Gabas na kiran ɗan Bemba ɓarawo a gaban manyan baƙi, sai fili ya ɗauki dariya da tafi. Wasu har da riƙe ciki. Kangwa ya dube su, ya gane inda iska ta dosa, ya buɗe hannuwa.

"Jama'a, ku taimaka masa da ɓera ɗaya gasasshe! Yunwa ta fara sa shi gane-gane!"

Dariya ta ninka. Alƙali kansa sai da ya cire tabarau ya share hawaye. Ya duƙa ya dubi tabon da aka zagaye masa, ya ce, "Waje." Yotamu ya ci gaba da ihu yana nuna inda aka goge, kuma duk ihun da ya ƙara sai a ƙara tafi, ana cewa yaron nan ya iya wasa. Aka koma wasa. Cikin minti ashirin Kangwa ya cinye.

Haka Kangwa Lombe ya hau jirgi. Yotamu kuma, wata biyu bayan nan, ya karɓi hular kwano da fitila ya shiga rami, inda ya yi shekara talatin da ɗaya yana gyaran famfunan da ke zuƙe ruwa daga ƙarƙashin ƙasa.

Labarin abin da Kangwa ya yi a Turai iri biyu ne: wanda yake bayarwa a baranda, da wanda ke cikin tsofaffin jaridun da Yotamu ya adana a akwatin ƙarfe. A jarida, Kangwa ya yi ta yawo ne daga wannan ƙaramin gari zuwa wancan, Faransa, Beljiyam, Italiya, yana shiga ƙananan gasa ana fitar da shi ranar Litinin ko Talata. Sau biyu kacal cikin shekara tara ya kai ranar Juma'a, ɗaya daga ciki ma abokin karawarsa ne ya kwana da gudawa bai fito ba. Ya je Alƙahira aka cire shi a zagayen farko. Ya je Kaduna aka cire shi a zagayen farko, ya ce zafi ne. A Beljiyam sanyi ne. A Italiya kuma taliya ce ta yi masa nauyi a ciki. Matsayi mafi girma da ya taɓa kaiwa a jerin 'yan wasan duniya shi ne na ɗari shida da goma sha huɗu.

A baranda kuwa lambar nan ta yi ta ramewa. Shekarar da ya dawo, yana cikin ɗari shida na duniya. Da ya yi furfura ya zama cikin ɗari biyu. Bara wani ɗan jarida ya zo daga Ndola, ya koma ya rubuta cewa na sittin da ɗaya ne, Kangwa ya yanke shafin ya sa a gilashi. Akwai kuma hoton da yake nuna wa kowa, na wani babban zakaran duniya yana ɗaga kofi. A gefen hoton, can ƙarshe, ana ganin kafaɗa da rabin kunne.

"Ni ne nan," in ji Kangwa, yana ƙwanƙwasa gilashin da farce. "Da safen ranar ni na ɗumama masa hannu. Ya ce min, Lombe, da kana da irin takalmina da ban kai labari ba."

Ya dawo gida da gwiwa ɗaya a naɗe, da kwat ɗin nan, da wani irin Turanci da ake yi ta hanci. Ya ce a riƙa ba shi cokali mai yatsu in za a ci tuwon masara, wai hannunsa ya saba. Bai taɓa koya wa kowa wasan ba, don a cewarsa yaran yanzu ba su da haƙuri. Aikinsa shi ne a gayyace shi makarantu ranar rabon kyaututtuka, ya hau mumbari ya yi magana a kan gaskiya da riƙon amana a fagen wasa. Yotamu ya taɓa zuwa sau ɗaya ya tsaya a baya. Ya lura da abin da ya daɗe da sani: duk sanda Kangwa zai shara ƙarya, sai ƙafarsa ta dama ta ja ƙasa, shaa, shi kansa bai san yana yi ba. Ranar nan sai da ya kusa cinye katakon mumbarin.

Shekara arba'in Yotamu na faɗa. Ya faɗa a rami, ya faɗa a coci, ya faɗa a wurin bikin 'yar Kangwa, inda aka ba shi lasifika musamman don ya zagi uban amarya. Duk inda ya faɗa sai a tafa masa. Har ya yi suna da shi: in kana son dariya, ka sa Sakala ya ba ka labarin tabo.

Wata Talata da safe yana cikin zuba farar ƙasa, shugabar kulob ta zo bakin fili. Madam Nkandu ce, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata, mace mai son a yi abu a kan tsari.

"Sakala, albishirinka. Kwamiti ya zauna. Asabar ta sama za mu raɗa wa filin nan suna."

"Wane suna, Madam?"

"Filin Kangwa Lombe mana. An ma gama rubuta allon. Kuma kowace shekara za a ba da kofi da sunansa ga ɗan wasan da ya fi kowa gaskiya. Kai ne taubashinsa, kai za ka shafa masa gari ka yi jawabi."

Yotamu ya ajiye gwangwanin farar ƙasa. Ya goge hannu a wando, ya matso kusa da ita, ya rage murya.

"Madam, ki saurare ni da kyau. A waccan kusurwar, inda kike gani, mutumin nan ya goge tabon ƙwallona da ƙafa. Ciki ne. Ni na ci wasan nan."

Madam Nkandu ta tafa hannu ta yi baya tana dariya har ɗankwalinta ya zame.

"Yauwa! Wannan ɗin nake so! Haka za ka faɗa ranar, da fuskar nan a murtuke kamar gaske. Kai Sakala, Allah ya yi maka baiwa. Kada ka manta da na birin ma."

Ta tafi tana girgiza kai. Yotamu ya daɗe a tsaye yana kallon layin da bai ƙarasa ba.

Da la'asar ya tarar da matarsa Misozi a tsakar gida tana ɓare ganyen kabewa a tire. Ita ma tana wurin ranar wasan, tana budurwa, a benci na biyu. Ya ja kujera ya zauna ya ba ta labarin allo da kofi. Ta ce to, ai Kangwa ya ji daɗi. Ya bi yatsunta da kallo suna zare jijiyar ganye.

"Maman Tiza, in tambaye ki mana."

"Ina ji."

"Ke kin yarda da ni?"

"A kan me?"

"A kan tabon."

Ba ta ɗago ba. Ta zare ganye ɗaya, ta zare na biyu.

"Baban Tiza, ni a benci nake, ban ga ƙasa ba. Na dai ji ka ce ɓarawo, na yi dariya kamar kowa."

"Shekara talatin da takwas muna ɗaki ɗaya ina gaya miki!"

"Kana gaya min, ban ce ba ka gaya min ba. To ai ni ma kullum sai na kira maƙwabciyarmu ɓarauniya, ita ma 'yar Bemba ce, kuma ko allurata ba ta taɓa ɗauka ba. Kai kuma kullum da safe ka ce masa ɓarawo, ya ce maka mai cin ɓera, ran Kirsimeti ya aiko mana da kaza ka ci har da ƙashi. Ta ina zan gane?"

"Wato ke ma kin ɗauka wasa ne."

"Na ɗauka an ci ka ne ya yi maka ciwo, ka mai da shi wasa. Ba laifi ba ne." Ta karkaɗe tire. "Ku zagi ai gaisuwarku ce. Ran da na ji ka gaishe shi da ladabi, ranar zan san akwai magana."

Ta tashi ta shiga madafa. Ita ta faɗa ta manta. Yotamu kuwa ya zauna nan har ganyen da ya zube a ƙasa ya yi yaushi. Allon bai dame shi sosai ba, a rubuta sunan biri ma in an ga dama. Abin da ke ci masa rai shi ne ya mutu ba mutum ɗaya a duniya da ya yarda ƙwallon nan ciki ya faɗa, har matar da ta haifa masa 'ya'ya biyar.

Ranar Asabar tun azahar aka kafa rumfa. Yotamu ya shayar da filin tun safe, ya danne shi sau uku, ya kwanta sumul ba sawun ko kaza. A tsakiyarsa aka ajiye tebur da kofi da lasifika, allon kuma na jingine an lulluɓe shi da zane. An soya kaji, an kawo munkoyo, abin sha na masara, a manyan jarkoki ana zuba wa mutane a kofuna. Tsofaffin 'yan rami sun zo da yawa, wasunsu sun ga wancan wasan da idonsu. Misozi na zaune a layi na biyu cikin matan coci.

Kangwa ya yi jawabi na kusan awa guda. Ya ce a Turai an sha ba shi maki ya mayar, don ya san ƙwallonsa waje ne. Ya ce wani alƙali a Faransa ya taɓa rungume shi yana kuka saboda gaskiyarsa. Ya ce shi abin da ya kawo wa ƙasarsa ya fi kofi, suna mai kyau ya kawo. Aka tafa. Wani tsoho a gaba ya farka daga gyangyaɗi ya taya su.

"Yanzu kuma," in ji Madam Nkandu, tana murmushi tun kafin a fara, "ga mai cin ɓeran gidanmu, Yotamu Sakala. Lombe, ka kare kwat ɗinka!"

Aka fara shewa. 'Yan Gabas suka miƙe tsaye, wata mata ta miƙo ƙullin garin masara. Kangwa ya sunkuyar da kai yana dariya, ya buɗe hannuwa yana jiran a bulbule shi.

Yotamu ya wuce matar bai karɓi garin ba. Farar riga ce a jikinsa, wadda yake zuwa coci da ita, an goge ta, ya ɓalle maɓalli har wuya. Tsohon raket ɗinsa na katako na hammata. Ya zo gaban Kangwa ya tsaya, ya ajiye raket a ƙasa, ya cire hula. Sannan ya rusuna, gwiwa ɗaya har ƙasa, ya tafa hannu sau uku a hankali, yadda ake yi wa suruki ko sarki.

"Mukwai," ya ce. "Barka da wannan rana, mukwai."

Mukwai kalmar girmamawa ce. Ana faɗa wa babba, ana faɗa wa baƙon da ba a sani ba. Ɗan Gabas ba ya faɗa wa taubashinsa ita, ko da taubashin minista ne, ko da gawarsa ce a kwance. Shewar ta yanke kamar an toshe baki. Matar nan ta sauke ƙullin garinta a hankali.

Kangwa ya ɗago. Dariyar na nan a fuskarsa, sai dai ta bushe.

"Kai, mai cin ɓera, yau kuma wane salo ne? Tashi mana!"

Ba wanda ya yi dariya. Yotamu bai tashi ba.

"Tambaya ɗaya gare ni, mukwai, in an ba ni izini. Ni ƙaramin mutum ne, ban je Turai ba, ban san dokokin can ba. Ƙwallon da na buga a kusurwar can, shekara arba'in da suka wuce, sanda maki ɗaya ya rage min. Kai ka fi kowa kusa da shi, mukwai. Ciki ya faɗa ko waje?"

Lasifika na kan tebur kusa da su, ta ɗauki kowace kalma ta kai har bakin titi. Kangwa ya dubi Madam Nkandu. Ta dubi kofi. Ya dubi tsofaffin 'yan rami, ya tarar duk shi suke kallo, ba mai ko ƙifta ido.

"Haba Yotamu," ya ce, Turancin hancin nan ya gudu ya bar shi. "Maganar shekara arba'in? Ai alƙali ya yanke."

"Alƙali ya yanke, mukwai, Allah ya ji ƙansa. Kai nake tambaya."

"To ai... waje ne mana. Kowa ya gani. Waje ne."

Shaa.

A cikin shirun nan har na bayan rumfa sun ji. Farin takalmin Kangwa na dama ya ja ƙasa, ya bar dogon shafe a kan jan filin da tun safe ba abin da ya taɓa shi a wurin. Idanu ɗari uku suka sauka a kai. Shi ma Kangwa ya sunkuya ya duba, kamar ƙafar wani ce.

Wani tsohon ɗan rami, ɗan Bemba, ya ce da ƙarfi, ba da kowa yake ba, "Af. Haka ya yi ranar. Na ga ƙafar, na ɗauka gajiya ce."

Yotamu ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara. Ya ɗauki raket ɗinsa, ya sa bakinsa a ƙasa, ya zagaye shafen nan tsaf, yadda ɗan wasa ke zagaye tabo don alƙali ya zo ya gani. Ya mai da hularsa.

"Na gode, mukwai," ya ce, ya koma mazauninsa.

Madam Nkandu mace ce mai tsari, kuma an riga an rubuta allo. Ta fizge zanen da sauri, ta karanta sunan cikin murya ɗaya ba hawa ba sauka, mutum biyar ko shida suka tafa. Maganar kofin gaskiya ba ta taso ba. Wani ya ɗauke shi daga tebur ya kai ofis. Kangwa ya ce gwiwarsa ta motsa, aka kai shi mota tun ba a raba kaji ba.

A hanyar gida Misozi ta karɓi raket ɗin daga hannun mijinta ta riƙe, abin da ba ta taɓa yi ba. Sun wuce coci, sun wuce masu gasa masara. Sai da suka kusa kwanar gidansu ta ce, "Ashe ciki ne."

"Ai na gaya miki."

"Ka gaya min." Ta ɗan yi tafiya. "Wato kai ne za ka hau jirgin."

"Ni ne."

"Da yanzu kai ke cin tuwo da cokali mai yatsu."

"Allah ya kiyaye."

"Da kuma wata Baturiya ce ke ɓare maka ganyen kabewa. Ta bar maka jijiyar duka, ka shaƙe."

Ya yi dariya, irin wadda ta daɗe ba ta ji daga bakinsa ba.

Allon yana nan har yau a jikin wayar da ta kewaye filin, da sunan Kangwa Lombe da manyan baƙaƙe. Sai dai duk Luanshya ba mai kiran wurin haka. Ka ce wa mai tasi ya kai ka Filin Mukwai, zai kai ka.

Kangwa ya yi mako uku bai leƙo ba. Ran da ya dawo, da hantsi, da kwat ɗinsa da raket a hammata, barandar ba kowa sai mai shayi. Ya tsaya bakin waya. Yotamu na ciki da bokiti. Suka dubi juna. Bakin Kangwa ya motsa kamar zai ce abin da ya saba cewa shekara da shekaru, sai ya fasa, ya taɓa hularsa.

"An tashi lafiya, mukwai?"

"Lafiya lau, mukwai," in ji Yotamu.

Kirsimetin bana kaza ba ta zo ba, kuma Yotamu bai tambaya ba. Shafen nan da zagayensa kuwa ya bar su a tsakiyar fili. Yana yayyafa ruwa ya kewaye su, yana jan ƙarfe ya kauce musu, masu wasa na tsallakewa, har ruwan farko na Nuwamba ya zo ya wanke.